Sharhi: Dattijon da ya riƙe wasan ragon layya cikin duhu

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwarmu a nan Zariya ta nuna wasanta na Babbar Sallah a ɗakin taron wata makarantar sakandare, bayan an gama hidimar nama da ziyarce-ziyarce, kuma na biya kuɗin shiga ni da iyalina kamar kowa. Ba zan tsaya kan kuɗin ba, domin duk wanda ya je ya san abin da aka karɓa a ƙofa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo da ya fito a matsayin maigadi, wanda ya yi abin da ban taɓa ganin ɗan wasan unguwa ya yi ba, sai kuma yadda wani abokin wasansa da masu shirya taron suka kusa zubar masa da wannan aiki.

Labarin wasan mai sauƙi ne, kuma an zaɓe shi daidai da lokaci. Wani Alhaji mai mata biyu ya sayo ƙaton ragon Uda, irin wanda gabansa baƙi ne bayansa fari, ya ɗaure shi a ƙofar gida inda duk mai wucewa zai gani ya yaba. Ranar jajibirin Sallah aka wayi gari ga turke babu rago. Nan take zargi ya fara yawo a gidan: uwargida tana zargin ƙannen amarya, amarya tana zargin ɗan uwargida mai kwana a majalisa, Alhaji yana zargin dillalin da ya kai shi kara, wato kasuwar dabbobi, mai unguwa kuma ya turo shugaban 'yan sintiri ya binciko ragon kafin a sauko daga idi. Alhaji ya rantse cewa da zarar liman ya yanka nasa, shi ne na biyu a unguwar, kuma ba zai yarda a ce ya yi layya kashegari ba, ko da yake shari'a ta ba shi wannan dama. Wannan ƙurewar lokaci ita ce ta sa 'yan kallo suka zauna daram a kashi na farko, kowa yana raɗa wa na kusa da shi wanda yake ganin shi ne ɓarawon.

An tashi aka yi sallar Magariba, aka dawo kashi na biyu, a lokacin kuwa hadari ya riga ya haɗu ta gabas. Ana tsakiyar fitowar da shugaban 'yan sintiri ya tsare maigadi da tambayoyi sai aka ɗauke wuta. Aka ja janareta ya ƙi tashi, lasifika ta mutu, ɗakin ya yi duhu ƙirin, yara suka fara ihu, manya suka kunna fitilun wayoyinsu, wasu iyaye mata har sun miƙe suna laluben takalman 'ya'yansu. Samari biyun da ke kan dandamali tare da dattijon suka sulale bayan labule, domin a tunaninsu wasa ya tsaya ke nan sai an gyara.

Dattijon bai motsa daga kan tabarmarsa ba. Ya ɗauki tocilar da dama tana cikin kayan wasansa, ya haska fuskarsa, ya yi gyaran murya, sannan ya kira mu da jama'ar unguwa, ya roƙe mu don girman Allah mu kashe fitilun wayoyinmu, domin a cewarsa irin wannan duhu ne aka yi daren da ragon Alhaji ya ɓace, kuma tunda Allah ya maido da daren, zai nuna mana abin da idonsa ya gani. Mutane suka yi dariya, suka kuma kashe. Daga nan ya shiga maimaita daren shi kaɗai. Ya kwaikwayi ƙarar ƙyauren zaure, ya kwaikwayi tarin mai gidan, ya kwaikwayi yadda rago ke tuƙa harawa, ya kwaikwayi kansa yana gyangyaɗi yana musun cewa barci yake yi. Yana haska tocilar nan gefe guda sai ka rantse akwai mutum a tsaye a wurin. Muryarsa tana kaiwa har layin ƙarshe ba tare da ya yi ihu ba, kuma yana barin dariya ta lafa kafin ya jefa magana ta gaba, abin da yawancin samarinmu ba su iya ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya ga ba da dariya kawai ba, ya ci gaba da tura labarin gaba. A cikin wannan duhu ya shimfiɗa mana alamomi uku, ɗaya bayan ɗaya, kamar bai san muhimmancinsu ba. Igiyar ragon kwance ta aka yi, ba yanke ta aka yi ba. Ragon bai yi kuka ko sau ɗaya ba, alhali ko almajiri ya matso kusa da shi sai ya tada unguwa. Sannan an tafi har da kwanon dusarsa, shi kuwa maigadi ya ce tun da yake gadi bai taɓa jin ɓarawon da ya damu da abin da rago zai karya da shi ba. Ya rufe da cewa da ɗan gari akan ci gari, ya kashe tocilar. Matar da ta fito a matsayin uwargida, wadda ta gane abin da yake yi, ta amsa masa daga bayan labule da muryar mai barci, tana tambayar Baba maigadi da wa yake magana a tsakar dare, suka yi ta musayar habaici har janareta ya tashi. Abin ya kai kusan kwata na awa, kuma ban ga mutum ɗaya da ya fita ba. Da haske ya dawo, tafin da aka yi masa ya hana wasan ci gaba na ɗan lokaci.

Bayan an tashi wani daga cikin 'yan ƙungiyar ya shaida mini cewa wannan maimaita dare ba ya cikin abin da suka yi bita a kai, alamomin uku an raba su ne a bakin mutane daban-daban a fitowa daban-daban, dattijon ne ya tattara su nan take. Ya kuma ce dattijon tela ne a kasuwa, kuma tun yana saurayi yake wasa a ƙungiyoyin makarantu da na unguwanni. Ban yi mamaki ba, domin salonsa na mutanen da ne, na zamanin da ake ba ɗan wasa ƙashin labari kawai ya tufatar da shi da nasa bakin. Wanda ya kalli marigayi Kasimu Yero, da ya rasu a 2017, ko marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da ya rasu a 2023, a gidan talabijin na Kaduna, ya san irin wannan natsuwa da sanin lokacin da ya kamata a yi shiru. Zariya kuma ba baƙuwar wasan dandamali ba ce, tunda tun shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello take da dandalin wasanta na ginin ƙasa a Samaru, inda ɗalibai suka riƙa ɗaukar wasa suna kai wa mutanen gari da ƙauyuka. Ko fina-finan Hausa da suka mamaye gidajenmu a yau daga irin waɗannan ƙungiyoyi suka tsiro, domin ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano da ta fitar da fim ɗin bidiyo a 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ce tun asali. Ganin wannan gado da rai a ɗakin taron makaranta ya faranta mini ƙwarai.

Uwargidan ma ta cancanci yabo na musamman. Ba ta ɗaga murya, ba ta murguɗa baki fiye da kima, amma yadda take kiran kishiyarta da ƙanwata tana jan kalmar ya isa ya sa matan da ke zaune a gefenmu su riƙa taɓa juna. Dillalin shi ma ya san sana'ar da yake kwaikwayo, ya iya buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya iya rantsuwar da ba ta kama shi, ya kuma iya lissafo aibubban da ke hana dabba shiga layya, makanta da gurguntaka da rama da ciwo bayyananne, yana jingina kowanne ga ragon maƙwabcin Alhaji. Amarya ta yi ƙoƙari, sai dai tana juya wa 'yan kallo baya tana magana, rabin abin da ta faɗa labule ne ya ji shi.

Da a nan abin ya tsaya da na ce wannan shi ne wasan unguwa mafi kyau da na gani. Amma da na tuna abin da ya biyo bayan dawowar wuta sai raina ya sake ɓaci. Akwai wani saurayi da ya fito a matsayin yaron shugaban 'yan sintiri, wanda tun kashi na farko ya ɗauki kansa magajin marigayi Rabilu Musa Ibro, da jar hula da karkace baki da faɗuwa ƙasa ba dalili. Da ya ga irin tafin da dattijo ya samu, sai ya ga shi ma lallai ya karɓi nasa. Ana cikin fitowar da ake tuhumar ɗan uwargida, ya juya ya nuna Alhaji da yatsa, ya tambaye shi ragon Udan da aka gani ɗaure a gidan su yarinyar da yake nema ta uku na wane ne. Wannan ita ce maganar da ya kamata ta fito a fitowar ƙarshe, daga bakin maigadi, bayan an gama wanke kowa. Sirrin wasan gaba ɗaya shi ne Alhaji da kansa ya kwance ragon cikin dare ya aika gidan surukan da yake nema, ya dawo yana kururuwar an yi masa sata don kada matansa su gane. Saurayin nan ya fasa ƙwan saura fitowa uku.

An yi dariya, ban musa ba, amma dariya ce ta minti ɗaya da aka saya da rabin awa na wasa. Mutumin da ya fito a matsayin Alhaji ya daskare, fuskarsa ta nuna bai shirya wa tambayar ba, ya yi ta kame-kame har shugaban 'yan sintiri ya kawar da zancen. Daga nan aka ci gaba da binciken da kowa a ɗakin ya riga ya san amsarsa, har yara suna ɗaga murya suna cewa ai Alhaji ne. Duk igiyar da dattijo ya ƙulla cikin duhu ta kwance a banza, kuma da ya zo faɗin maganarsa ta ƙarshe, wadda aka gina wasan dominta, sai ta zama tsohon labari. Ban da wannan, saurayin ya ɗauki lokaci mai tsawo yana kwaikwayon mai i'ina, alhali ba abin da ya haɗa wannan da ragon da ake nema, kuma a cikin 'yan kallo akwai yaro mai wannan lalura da na ga ya sunkuyar da kai. Mai ba da umarni ne ya kamata ya hana wannan tun a wurin bita.

Masu shirya taron su ma suna da nasu laifin, kuma shi ne ya fi yi mini ciwo. An rubuta cewa za a fara da zarar an idar da La'asar, amma ba a ɗaga labule ba sai bayan ƙarfe biyar, saboda ana jiran manyan baƙi. Da suka iso, mai gabatarwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da sunaye da muƙamai da kirari, ya ba uku daga cikinsu makirufo, kowanne ya yi jawabi kan muhimmancin raya al'adu, biyu kuma suka tafi kafin Magariba. Wannan jinkiri ne ya jefa kashi na biyu cikin dare da hadari. Da ruwa ya sauko a kan kwanon ɗakin, sai aka riƙa gaggauta fitowar ƙarshe, aka yanke sulhun da mai unguwa zai yi tsakanin Alhaji da matansa, aka sauke labule, mai gabatarwa ya yi godiya ga waɗanda suka ba da gudummawa, ya ce a sauka lafiya.

Ba a kira 'yan wasan sun jeru a gaban jama'a ba, ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma babu wata 'yar takarda da aka raba mai ɗauke da sunayensu. Mutanen nan tela ne da malamar makaranta da ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i, sun bar hidimar Sallah a gidajensu suna zuwa bita, ba kuma albashi ake ba su ba. Na ga dattijon a bakin ƙofa yana naɗe tabarmarsa da kansa yana jiran ruwa ya tsagaita, na je na gaishe shi na ce Baba sannu da aiki, mutane kaɗan ne suka gane shi saboda ya cire rawanin wasan. An samu lokacin karanta muƙaman baƙin da ba su ga ƙarshen wasan ba, an rasa minti biyu na mutanen da muka biya kuɗi domin mu kalla.

Na ji cewa za su maimaita wasan kafin a koma makaranta. Zan ce wa mai niyya ya je saboda maigadi da uwargida da dillali, kuma ina roƙon mai ba da umarni ya shigar da maimaita daren nan cikin wasan dindindin, a kashe fitilu da gangan a bar dattijo da tocilarsa. Amma ni ba zan sake biyan kuɗin iyalina ba sai na tabbatar an ja wa saurayin nan kunne ko an ba wani matsayinsa, an cire kwaikwayon mai i'ina, an fara a kan lokaci ko baƙi sun iso ko ba su iso ba, an kuma gwada janareta tun da rana.