Yaron da ya sa min zram a Circle ya san aikinsa

Laptop ɗina tsohuwa ce, RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe ayyukan da ake yi a lokacin, giga 4 kacal, in na buɗe Chrome da shafi bakwai takwas sai ta sandare kamar motar haya ta trotro a go-sulo na Nima a Accra. Na kai ta wani ɗan shago a Tip Toe Lane da ke unguwar Circle da niyyar a ƙara min RAM, yaron ya kwance bayanta ya ce Alhaji wannan a manne take da allon, ba wurin ƙari, amma tunda Linux kake amfani da shi bari in kunna maka zram.

Yadda ya min bayani, ana ware wani yanki ne a cikin RAM ɗin, duk abin da ba a taɓawa yanzu sai a matse shi a ajiye can maimakon a kai shi hard disk mai jan ƙafa, kamar dai dilar gwanjo a kasuwar Kantamanto. Tun 2014 zram yake cikin kanel, wato zuciyar Linux, sosai, a Fedora ma, wani nau'in Linux, tun fitowa ta 33 a kunne yake zuwa. A cikin hanyoyin matsewar ya zaɓa min zstd, wai ya fi lz4 matsewa ko da yake ya ɗan fi cin furosesa.

Wallahi ta farfaɗo. Amma da dare na buga free, umarnin da ke nuna yawan RAM da aka ci, sai na ga suwap, wato wurin ajiye abin da ba a taɓawa yanzu, ya ci wajen giga 3, RAM ma a cike, na haɗa lissafi ya haura abin da na'urar take da shi gaba ɗaya, hankalina ya tashi, washegari na koma.

Nan ne ya burge ni, bai yi min dogon turanci ba, ya buga zramctl, umarnin duba zram, ya sa yatsa a layin. DATA shi ne girman kayan kafin a matse, shi free yake nunawa a suwap. COMPR bayan an matse. TOTAL kuma ainihin RAM ɗin da aka ci, nawa bai kai giga 1 ba, kuma yana cikin wanda free ya riga ya ƙirga, wato kaya ɗaya na lissafa sau biyu. Ya ce kar in ɗauka an ƙara min RAM, kuma bidiyo da hotuna ba sa matsuwa don dama a matse suke.

Abin da ban ji daɗi ba, da ya faɗa min wannan tun ranar farko da ban sake biyan kuɗin mota ba, shagon kuma ba wurin zama. Komawar dai bai karɓi ko sidi ɗaya ba, jibi zan kai masa ta ƙanwata.