Wake mai yaɗo, tsayayye ko koren wake: wanne ya dace da bayan gida?

Hajiya ta tambaya cewa tana da ɗan fili a bayan gida a Kano, taku goma tsawo, biyar faɗi, tana son shuka wake amma ta rasa irin da za ta ɗauka. To Hajiya, ga yadda ukun suke idan aka jera su.

Mai yaɗo, irin su Kanannado da Ɗan Ila, shi ne waken da aka saba gani a ƙarƙashin gero da dawa. Ƙwayar Kanannado manya ce, fara, ga harawa mai yawa. Sai dai ba ya fure har sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ko a watan Yuni kika shuka shi, zai yi ta zuba ganye yana mamaye fili wata uku ko huɗu, babu kwanso ko ɗaya. Yana son tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 50 tsakanin ramuka, don haka filinki ba zai ɗauki mai yawa ba.

Tsayayye kuwa, wato ingantattun iri na SAMPEA da ke fitowa daga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, da haɗin gwiwar IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, yawancinsu ba ruwansu da tsawon yini. Masu saurin cikinsu kwana 60 zuwa 75 sun nuna. Tazara santimita 50 tsakanin layi, 20 tsakanin ramuka, zurfin rami kamar gaɓa biyu ta yatsa. Ki sa ƙwaya uku, bayan mako biyu ki cire ɗaya ki bar biyu. A Kano ki shuka daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, domin nunarsa ta zo daidai da ɗaukewar ruwa. In kika yi gaggawa ya nuna cikin marka, kwanson zai yi baƙi, ƙwayar ta ruɓe ko ta tsiro tun tana ciki. A ganinmu wannan ne na filinki.

Inda su biyun suka haɗu shi ne taki da ƙwari. Kada ki ba wake yuriya da yawa, saiwarsa na haɗa irin sinadarin da ke cikin yuriyar da kanta, in an ƙara masa sai ya tafi a ganye. Ruɓaɓɓen takin gida da ɗan takin supa lokacin shuka sun wadatar. Ƙwari kuwa sun fi yi wa tsayayye illa, saboda furensa kusan lokaci guda yake fitowa, in ya zube shi ke nan. Ki riƙa ɗaga ganye da safe: in kin ga baƙin darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan tsiro, ya manne a toho, tururuwa na hawa da sauka, ki fesa jiƙon dakakkun 'ya'yan dogon yaro da ɗan sabulu, da yamma, duk mako. Ki ɓare fure ɗaya ki duba ciki, nan tsutsar da ke huda kwanso take fara ɓuya.

Koren wake, wanda ake yankawa a soyayyar shinkafa, wani jinsi ne daban, ba ɗanyen waken gida ba. Zafi ne abokin gabarsa, da yanayi ya haura digiri 30 sai furen ya riƙa zubewa, shi ya sa ya fi karɓar Jos. A Kano sai da ban ruwa lokacin hunturu: shuka a Nuwamba, tsinka daga kwana 50 zuwa 60. Ya fi waken gida cin taki da ruwa, amma ba ya jure ruwa ya kwanta a gindinsa. Ki riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku tun kwanson na karyewa ƙas, domin in ya ƙosa a jiki uwar za ta rage sabon fure.

Fili ɗayan zai iya ɗaukar biyu a shekara: tsayayye da damina, koren wake da sanyi. In kuma kina da awaki kina son harawa, ki jera ramuka biyar ko shida na Kanannado a jikin katanga.