Dune ko The Martian: Wanne Za Ki Fara Ɗauka?

Ƙanwata, kin ce kin ga littattafan nan biyu a shimfiɗe wajen masu sayar da na gwanjo a Ojuelegba, nan Legas, kuɗin guda ɗaya ne a jakarki, kuma ba ki samun sukunin karatu sai a cikin mota tsakanin Agege da wurin aikinki a Obalende. Kika tambaya wanne ya fi. Na karanta duka biyun, Dune ma sau biyu, don haka ga abin da na gani.

Ƙishirwa ce ta haɗa su. Kowane marubuci ya ɗauki mutum ya ajiye shi a wata duniyar da babu kogi babu rijiya, daga nan kowa ya kama gabansa.

The Martian na Andy Weir ne, Ba'amurke. Da fari babi-babi yake sakinsa a intanet kyauta, sai a 2014 kamfanin ɗab'i ya buga shi. Labarin Mark Watney ne, masanin tsirrai kuma injiniya, ɗaya daga cikin mutum shida da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta tura duniyar Mars. A kwana na shida guguwa ta taso, ƙarfen eriya ya soke shi, abokan tafiyarsa suka ɗauka ya mutu, suka tashi suka bar shi. Ya farfaɗo shi kaɗai a ɗakin da aka gina don zaman kwana 31, alhali jirgi na gaba sai bayan kusan shekara huɗu. Daga nan littafin ya zama lissafi tsantsa: abinci nawa ya rage, kwana nawa zai kai, iska nawa, ruwa nawa. Ya tarar da dankalin Turawa guda 12 a cikin kayan abinci, ya kwaso ƙasar Mars ya shimfiɗa a ɗaki, ya yi taki da bayan gidan mutane, ya samar da ruwa ta hanyar ƙona man roka, har ya kusa tashin ɗakin da kansa a ciki. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda ya je ya tono Pathfinder, na'urar da ta sauka a Mars da gaske a 1997, ya kewaye ta da alamomi 16, mutanen NASA daga nan duniyarmu suna juya kyamararta tana nuna masa harafi ɗaya bayan ɗaya. Haka suka fara magana.

Turancinsa mai sauƙi ne, kamar mutum yana ba ki labarin yadda ya yini. Babobin a yanke suke gajeru-gajeru, ko kwandasta ya katse ki da neman kuɗin mota ba za ki ɓata ba. Sai dai abu biyu. Bakin Watney akwai ashar, tun daga layin farko, don haka ba littafin da za ki miƙa wa ƙaramin yaro ba ne. Sannan mutumin bai da zurfi. Shekara ɗaya da rabi yana zaune shi kaɗai, amma da wuya ki ji ya tsaya ya yi tunanin mutuwa ko Mahaliccinsa, matsala ce ke zuwa ya warware, wata ta biyo baya. Guguwar da ta buɗe labarin ma, marubucin da kansa ya yarda ba za ta yiwu ba, domin iskar Mars ba ta da kaurin da za ta ture jirgi.

Dune kuwa wani abu ne daban, kuma a nan zan daɗe. Frank Herbert ya fitar da shi a 1965, bayan kamfanoni da dama sun ƙi karɓa, har sai da Chilton, waɗanda aka sani da buga littattafan gyaran mota, suka yarda. Ma'anar sunan tudun rairayi, abin da muke kira jigawa. Yaro ne ɗan shekara 15, Paul, ɗan sarauta, aka tashi gidansu daga duniyarsu mai teku da ruwan sama aka kai su Arrakis, wadda hamada ce daga farko har ƙarshe. A can kaɗai ake samun wani sinadari mai ƙamshin kirfa da ke ƙara tsawon rai, kuma in babu shi jirage ba sa iya ratsa tsakanin taurari. Duk mai mulki idonsa na kansa. Ko ba a faɗa miki ba, za ki tuna da man fetur da mutanen da ake haƙo shi a ƙasarsu.

Amma ruwan ne ya kama ni. A ƙofar fadar akwai dabino 20. Wani a cikin labarin ya yi lissafi cewa kowace bishiya tana shan lita 40 a rana, mutum kuwa lita 8 ta ishe shi, ke nan bishiya ɗaya mutum biyar ce, ashirin ɗin mutum ɗari. Talakawan gari suna wucewa suna kallonsu da wannan lissafin a zuci. Ranar da na karanta wurin, na leƙa ta taga na ga ɗan garuwan layinmu yana tura kura da jarka goma, ya ɗaure bakin kowace da leda don kada ta fantsama, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, ga wani gida a gaba ana wanke mota da tiyo ruwa yana bin kwata. A garin da teku ya kewaye ke nan. Na rufe littafin na daɗe ban koma ba.

Mutanen hamadar, Fremen, suna sa wata riga mai tace gumi da fitsari ta mayar da su ruwan sha. Idan suna son girmama mutum sai su tofa yawu a gabansa, domin sun ba shi daga ruwan jikinsu. Idan ɗayansu ya mutu, gawar tasa ce amma ruwan jikinsa na jama'a ne. Da Paul ya zubar da hawaye a wajen makoki, sai suka riƙa taɓa fuskarsa da mamaki, ya bai wa mamaci ruwa. Wanda ya tashi a ƙauyen da ake sammakon rijiya a watan bazara zai fahimci waɗannan mutane fiye da Baturen da aka rubuta littafin dominsa.

Akwai abin da ya zama dole in gaya miki a matsayinki na Musulma. Herbert ya ɗebo kalmomi da yawa daga Larabci da Musulunci, za ki ci karo da Mahadi, da jihadi, da wasu. A labarin, wata ƙungiyar mata ce ta shuka wa Fremen almarar mai ceto tun ƙarnoni da suka wuce, don ta yi musu amfani wata rana, Paul ya zo ya hau kanta. Wannan ya sosa mini rai, ganin an mayar da kalmomin da muke girmamawa kayan dabarar siyasa. Duk da haka ban ga ya raina mutanen ba, su ne masu mutunci a littafin, kuma gargaɗinsa a kan shugaban da jama'a suka miƙa wa hankalinsu gaba ɗaya ne. Ki karanta da idonki a buɗe, ƙirƙirarren labari ne, ba littafin aƙida ba.

Wahalarsa ita ce shafuka ɗarin farko. Sunaye barkatai, gidajen sarauta, makirci a cikin makirci, ga shi ya kusa ninka The Martian biyu a tsawo. A cikin hayaniyar gosulon Ikorodu Road za ki karanta shafi uku ki rasa wa ya ci amanar wa.

Saboda haka shawarata ki fara da The Martian, tunda a mota kike karatu, kuma kin ce wannan ne karonki na farko da irin waɗannan labarai. Zai ja ki da gudu, ki fito kin san abubuwa na gaske, kamar cewa yinin Mars ya fi namu da kusan minti 40, ko cewa saƙo daga can yana iya ɗaukar fiye da minti 20 kafin ya iso. Amma da za a ce in ajiye ɗaya kaɗai a ɗakina, Dune zan ajiye. Shi nake komawa, shi nake tunawa.

In ma Turancin ne ke ba ki tsoro, muna da namu. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, shekarar da aka sauka a wata, labarin yaro Bahaushe da aka ɗauka zuwa sararin samaniya. Ki sa wani mai zuwa daga Kano ko Zariya ya nemo miki.

Ki roƙi mai littafin ya ajiye miki Dune zuwa ƙarshen wata, ki bar shi sai hutun Sallah lokacin da kike gida a natse. Kafin ki biya, ki buɗe bayansa ki tabbata shafukan ƙarshe suna nan, domin akwai ɗan ƙamus na kalmomin labarin a wurin, kuma na gwanjo sau da yawa ta baya suke fara yagewa.