Sharhina kan kayak ɗin kamun kifi da na saya a Legas, da hidimar motar da ke ɗaukarsa

Salamu alaikum 'yan uwa. Mutane da dama sun ga hoton kwale-kwalen roba a kan rufin motata suna ta tambaya, wasu a Agege wasu a Idi-Araba, wai menene wannan kuma yana da amfani kuwa, to bari in yi bayani gaba ɗaya yadda kowa zai amfana. A taƙaice kayak ɗin ya biya ni kuma ina ba da shawarar a saya, amma ga wanda ya yarda zai riƙa duba motarsa da hannunsa kawai, domin ruwan Ikko ruwan gishiri ne kuma motar ce ke shan wahalar, ba kwale-kwalen ba.

Irin wanda na saya shi ne wanda ake zama a samansa, ba wanda mutum ke zura ƙafafu cikin rami ba. Tsawonsa wajen mita 3.6, nauyinsa kusan kilo 30, robar mai kauri ce irin ta tankin ruwa, kuma na hannu ne na same shi wurin wani da zai bar ƙasar. Yana da ƙananan ramuka a ƙasa waɗanda in ruwa ya fantsamo ciki yake zurarewa da kansa, wannan ne abin da ya fi burge ni don duk wanda ya taso a bakin kogi ya san rabin aikin jirgin katako kwarfar ruwa ne da ƙwarya. Ni mutumin Yauri ne, na taso ina ganin Sarkawa da komarsu da birginsu, don haka na san bambancin. Jirgin katako ya fi ɗaukar kaya nesa ba kusa ba, kuma in ya fashe kafinta zai ɗinke maka shi, amma ba za ka iya ɗora shi a mota kai kaɗai ba, sai ka nemi inda za ka ajiye a bakin ruwa ka riƙa biyan mai gadi. Wannan kuwa yana jingine a bayan gida, in na tashi na ɗauka. Abu ɗaya, kar a bar shi a rana kullum, rana na cinye irin wannan robar har ta fara fari ta yi ƙarfi, ni tamfol nake rufa masa.

Wajen zama daram yake, faɗinsa ya isa mutum ya juya ya ɗauko abu a baya ba tare da ya ji zai kife ba. Amma faɗin nan shi ne kuma ya sa ba shi da gudu, in iska ta taso kana fuskantarta sai ka ji kafaɗa kamar za ta cire. Kujerar da ya zo da ita gaskiya ba ta yi ba, siririn soso ne kawai, bayan ɗan lokaci baya ya fara ciwo, sai da na kai wa masu ɗinkin kujerun mota suka ƙara mata soso da leda mai hana ruwa. Filafilin da ya zo da shi na alminiyam ne, yana da ɗan nauyi amma yana aiki.

Yadda na shirya shi ba wani abin kuɗi ba ne. A baya na ɗaure kwandon roba irin na lemo, na yanka bututun famfo guda uku na ɗaure a jikinsa da igiyar roba, nan nake soke sandunan fatsa. Ƙaramar kula da ƙanƙara tana gaba don kifi, don zafin Legas ba ya ɗaga wa kifi ƙafa, in ba ƙanƙara kafin ka iso gida ya canza. Filafili da kowace sanda duk na sa musu igiya na ɗaure a jikin kwale-kwalen, duk abin da bai ɗaure ba in ya faɗa ruwa ya tafi kenan. Waya tana cikin jakar leda mai zif a wuya. Sai anga, ƙarama ce wajen kilo ɗaya da rabi, kuma a nan ina so a kula sosai: kar a taɓa ɗaure igiyar anga a gefen kwale-kwale ta tsakiya in ruwa na gudu, zai ja gefen ƙasa ya kifar da kai. Ana yin wata igiya ce mai zagaye daga gaba zuwa baya da zobe a jiki, sai ka zura igiyar angar a zoben ka ja shi zuwa goshi ko wutsiya, yadda kwale-kwalen zai fuskanci ruwan a miƙe. Na'urar nan mai nuna zurfi da kifi ban saya ba, kuma har yanzu ban ji na rasa ta ba, tafkin Legas mafi yawansa ba zurfi gare shi ba sai inda masu yashi suka haƙa ko hanyar manyan jirage.

Shi tafkin Legas ba kamar kogin Kwara ba ne da muka sani a gida, yana da haɗi da teku, saboda haka ruwan na cika yana janyewa sau biyu a rana, kusan duk awa shida ya juya. In ka fita ba ka duba lokacin ba za ka dawo ka tarar inda ka shiga ya zama taɓo har gwiwa. Akwai manhajoji a waya kyauta masu nuna jadawalin. Sannan gishirin ma ba ɗaya ba ne duk shekara, da damina kogin Ogun da sauran rafuka na turo ruwan daɗi sai gishirin ya ragu, da rani kuma ya ƙaru, kifin ma haka yake canzawa. Ta wajen Epe ruwan ya fi daɗi, can nake samun karfasa da tarwaɗa da kuma farin kifin nan mai ƙaya da Yarbawa ke kira obokun, wanda duk wanda ya je kasuwar kifi ta Epe ya san darajarsa. Ɗanyen jatan lande da tana su ne abincin da suka fi yi min aiki a ƙugiya. In ka matso kusa da teku da rani kuma akwai barakuda, shi kam sai ka sa ɗan guntun waya kafin ƙugiya don haƙoransa na datse zare.

Inda ba na zuwa shi ne mashigar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa da Tin Can, ƙaramin abu irin wannan ba sa ma ganinsa. Haka hanyar jiragen fasinja masu gudu na Ikorodu, in sun wuce ka juya goshin kwale-kwalen ya fuskanci igiyar ruwan, kar ta same ka a gefe. Rigar kariya kuwa ba a maganarta, hukumar LASWA da ke kula da hanyoyin ruwa na jihar ta wajabta ta, ni ko ba doka ba na shiga ruwa sai da ita a jiki a ɗaure, ba a ajiye a bayan kujera ba. Na sa doguwar sanda da jan ƙyalle a baya don a hango ni, kuma kafin magariba na fito. Wajen ƙarshen shekara ciyawar nan mai yawo a kan ruwa irin kainuwa tana toshe wasu wurare musamman ta Ikorodu, filafili ba ya ratsa ta, a kiyaye. Kuma don Allah in ka ga sanduna a kafe a ruwa ko gorunan roba na yawo a jere, tarkon wani ne ko komarsa, mutanen Egun da Ilaje da wannan suke ci da iyalinsu, kai nishaɗi ya kawo ka. Ka gaishe su ka zagaye. Wani dattijo masunci a Epe har ya nuna min inda zan tsaya, ya ce yaro kar ka wuce sandunan can, na ce to Baba na gode, kuma inda ya nuna ɗin nan ne na fi samu.

Yanzu maganar mota, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubutun nan. Motata Corolla ce ta 2007 tokumbo, irin wadda ba ta da ƙarafan rufi, don haka sai da na sayi kariya, wato sandunan ɗora kaya a rufi, mai maƙalewa a bakin ƙofa. Mai shagon ya rantse min ta dace da kowace mota, to araha ba ta ado. Robar da ke ƙarƙashin ƙafafunta ta yage da wuri, ƙarfen ya fara gurzar fenti, notinan kuma suka yi ja da tsatsa tun damina ba ta ƙare ba. Wannan kariyar ban ba ta ko rabin maki ba. Abin da na yi, na canza duk notinan da na sitinles, na yanka tsohon tub na taya na shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafafun, sandunan biyu kuma na naɗe su da soson da masu AC ke rufe bututu da shi. Tun daga nan lafiya lau. Wajen ɗauri ina kifa shi ne a kan sandunan, bel biyu a tsakiya irin wanda ake ja da hannu, ba mai kacakaca ɗin nan na 'yan tirela ba, shi yana matsewa fiye da kima har robar ta lotsa in rana ta buga. Sai igiya ɗaya daga goshi zuwa gaban mota, ɗaya daga wutsiya zuwa baya, da jan ƙyalle a ƙarshe. Wanda ya taɓa hawa gadar Third Mainland mai kilomita 11.8 da kaya a rufi ya san iskar wurin, igiyar gaban nan ita ke hana shi ɗagawa. Ba na wuce 80, kuma a sani mota na ƙara shan mai da shi a sama, tun da aka cire tallafi a 2023 kuwa wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga mai tasowa daga Agege zuwa Epe.

Gishirin yana shiga mota ne ta inda ba a zato. In ka ɗora kwale-kwalen yana ɗiga, ruwan na bin gilashi ya sauka gindin waifa, ya bi bakin ƙofofi ya kwanta a lungun da ba ya bushewa. Maganinsa jarka 25 ta ruwan famfo a but, in ɗauraye kwale-kwalen da sanduna tun a bakin ruwa kafin in ɗora, in na dawo kuma a wanke motar har ƙarƙashi a ranar, ba gobe ba. Birki shi ne na biyu, don wurin fakin a bakin ruwa yashi ne da laka. Akwai wasu ƙusoshi biyu da kan birkin gaba ke zamewa a kansu, in sun bushe sai fad ɗaya ya cinye ɗaya na nan sabo, motar ta riƙa ja gefe. Ina cire su in goge in shafa giris na silikon, ba baƙin giris na yau da kullum ba don shi yana kumbura robar da ke rufe su. Kan batir in ya fara farin gari, ruwan zafi da buroshi, ya bushe a shafa basilin.

Baƙin mai ma ni nake juyewa yanzu. Injin wannan Corollar na cin kusan lita huɗu har da filta, 5W-30 littafinta ya ce, notin ƙasa sifana 14 ne, na taya 21. Aikin bai fi a yi shi da safe kafin rana ta yi zafi ba, amma wallahi ina roƙon kowa kar ya shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, a sayi ƙafafun ƙarfen nan da ake tokare mota da su, a sa dutse a bayan taya. Man kuma a saya inda aka yarda da shi don jabu ya yi yawa a gari, a duba hatimin murfi. Tsohon man ina zuba shi a galan in kai wa bakanike, ba na zubarwa a kwata, don kwatar Legas ƙarshenta cikin tafkin da nake kamun kifin ne. Kayan gyara kuwa Ladipo a Mushin babu abin da babu, sai dai ka tafi da tsohon a hannu a gwada a gabanka.

Abin da ya fi komai rage min kashe kuɗi wata 'yar na'ura ce ELM327, ana soka ta a wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth da manhajar Torque. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin, kuma tokumbonmu da yawa daga can suke. Da wutar inji ta kama min ta nuna P0171, ma'ana iska ta fi mai yawa a haɗin, na cire sensar iska da ke bayan filtar iska na fesa mata maganin wanke ta na musamman, ban taɓa siririyar wayar ciki da hannu ba, na mayar wutar ta mutu ba ta dawo ba. A wannan injin wani lokaci gasket ɗin manifol, wato abin da ke liƙe bututun da ke kai iska cikin inji, shi ke jawo lambar, don haka na'urar hanya take nuna maka kawai, ba ita ce bakanike ba. Giya, AC, wayarin da saitin ƙafa duk har gobe wurin oga nake kaiwa, kuma yanzu da nake zuwa da bayani a hannu mun fi fahimtar juna.

Wanda ke da Sienna ko wata mota mai ƙarafan rufi nata na asali ya huta da rabin matsalar da na faɗa, sai dai ya duba littafin motar ya ga nauyin da rufin ke ɗauka. Wanda kuma bai iya iyo ba, ko ba shi da wurin ajiya a inuwa, ko ya san ba zai iya wanke mota duk dawowa ba, gara ya je Epe ko Badagry ya yi ciniki da mai jirgi ya fita da shi, zai kama kifi kuma motarsa na nan lafiya. In za ka sayi na hannu ka kifa shi ka duba ƙasan wutsiya inda ake jan sa a ƙasa, da kewayen ramukan zurarar ruwa, nan ne yake fara tsagewa, in da hali ka zuba ruwa a cikin kogon jikinsa ka ga ko zai ɗiga kafin ka biya. Ni yanzu abin da ya rage min shi ne 'yar amalanke mai taya biyu ta jan sa daga mota zuwa bakin ruwa, na riga na kai wa mai walda awo, kuma in rani ya shigo ina son gwada ɓangaren Badagry, duk ɗan uwan da ke da nasa ko yake shirin saya ya yi magana mu fita tare don fita mutum biyu ta fi aminci a ruwan nan.