Ƙuraje bayan leza: na toshewa ne ko na ƙwayar cuta?

Ƙanwata, sannu da jiki. Kin ce an yi miki leza irin ta CO2 don tabon ƙurajen fuska, yau kwana 9, sai ga sababbin ƙuraje sun feso miki a haɓa da kumatu, kina tambaya ko ki koma kan maganinki na da ko ki jira. Kafin a zo batun magani sai an san irin ƙurajen, domin kala biyu ne ke fitowa a wannan tsakanin, kuma a madubi suna ɗaukar kama. Ɗaya haƙuri yake so, ɗayan kuwa jira ne ke ɓata shi.

Na farko su ne na toshewa. Lezar CO2 ƙona saman fata take yi don sabuwa ta tsiro, kuma idan an share fuskar gaba ɗaya, fatar kan ɗauki kwana 7 zuwa 10 kafin ta rufe. Wadda ake yi ɗigo-ɗigo ta fi saurin rufewa. A kwanakin nan ake cewa ki riƙa laɓta basilin don kada ciwon ya bushe, kuma daidai ne. Sai dai duk wadda aka yi wa leza don tabon ƙuraje, dama fatarta mai maiƙo ce. Ga maiƙo, ga basilin, ga kumburi, sai ƙofofin gashi su toshe. Waɗannan ƙuraje sukan fito a mako na farko zuwa na biyu, a warwatse, a wuraren da suka saba fito miki tun da. Ba sa zafi sai an taɓa, babu zazzaɓi, sauran fuskar kuma tana ci gaba da warkewa abinta. Suna da 'yan'uwa da ke zuwa daga baya, daga wajen mako na 3: farare ƙanana masu tauri kamar ƙwayar gero, babu mugunya a ciki. Su ma toshewa ce, yawanci da kansu suke tafiya.

Na biyu su ne na ƙwayar cuta, kuma su nake tsoro. Idan kina cikin masu fitar da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, to ƙwayar da ke kawo su tana nan kwance a jijiya, zafin leza kuma yana tada ta. Shi ya sa likitoci ke fara ba da acyclovir ko valacyclovir tun kafin aikin, a ci gaba da sha har fatar ta rufe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, tunda an cire fatar sama, ba lallai ki ga ƙurji mai ruwa ba. Abin da za ki gani ƙananan gyambuna ne jajaye, zagayayyu, cunkushe wuri ɗaya, da raɗaɗin da ya fi girman ciwon nesa ba kusa ba. Idan bakteriya ce, za ki ga ɓawo ruwan ɗorawa, mugunya, kumburin da ke ƙaruwa, wani lokaci da zazzaɓi. Idan ƙaiƙayi ne ya yi yawa da fari-fari a kan ja, ana zargin ƙwayar cuta irin ta naman gwari, wato fungus.

Hanya mafi sauƙi ta raba su a gida ita ce ki tambayi kanki yadda zafin yake tafiya. Na toshewa, ko ƙurajen na ƙaruwa, fuskar yau ta fi ta jiya sauƙi. Na ƙwayar cuta kuwa, an fara samun sauƙi sai zogi ya dawo sabo.

Maganinsu ma ya sha bamban. Na toshewa, ki tambayi likitanki ko fatar ta rufe, in ta rufe ya sauya miki basilin da man shafawa marar nauyi. Wannan kaɗai yakan kashe rabin matsalar. Ki wanke fuska da ruwan da aka tafasa ya huce, ki dangwala tsumma mai tsabta, kada ki goga, haka ma wajen alwala. In sun yi yawa yakan rubuta doxycycline, amma mai ciki ba ta sha, kuma yana sa rana ta fi cin fata. Su benzoyl peroxide, tretinoin da adapalene ɗinki na da, a ajiye su tukuna. Magunguna ne masu kyau, amma a kan ɗanyar fata ƙuna za su ƙara miki, sai bayan makonni idan likita ya ba da izini. Na ƙwayar cuta kuwa babu wani abin yi a gida. Ranar da kika gani, ranar za ki je, a ɗebi ruwan ciwon a auna, a fara magani. In ya kusa ido, ko dare ne kada ki kwana da shi.

Akwai abin da ke cutar da duka biyun, kuma shi aka fi saurin miƙa wa mutum a kyamis: mayukan nan masu haɗin magani uku. Ki duba kwalin, za ki ga betamethasone ko clobetasol. Cikin kwana biyu jan zai kwanta ki ce an dace, alhali maganin ya danne garkuwar fatar ne. Ƙwayar cutar ta samu fili, na toshewar kuma su dawo da yawa, jere iri ɗaya. Haka dilka, kurkum, halawa, sabulun salo da lemun tsami. Na san amare da yawa na yin leza ne gab da biki, amma mai gyaran jiki ta tsaya daga wuya zuwa ƙasa.

Yanayin garin nan na Kaduna ma yana da hannu a ciki. Da hunturu ƙura ke manne wa basilin, fuska ta yi ta ɗaurewa, mutum ya yi ta ƙara shafawa. A Maris da Afrilu kuwa zufa ce ke taruwa inda hijabi ke gugar haɓa da gefen kumatu, daidai inda kika ce naki suka fito. Ki nemi na auduga mai sakin fuska, ki riƙa sauya shi da rigar filo kullum, ki ɗan nisanci tururin tukunya.

Matsa kuwa, don Allah kada ki fara. Baƙar fata irin tamu duk inda ta ƙonu ko ta kumbura duhu take bari, yakan bayyana wajen mako 3 zuwa 4 bayan leza, ya ɗauki watanni bai tafi ba. Da zarar fatar ta rufe, man kariyar rana mai lamba 30 ko sama ya zama na kullum.

Daga bayaninki, kwana 9, haɓa da kumatu, ba ki ambaci zogi ko zazzaɓi ba, zuciyata ta fi karkata ga na toshewa. Amma ban ga fuskar ba. Ki ɗauki hoto a hasken rana yau ki tura wa wanda ya yi miki aikin, ki faɗa masa ko an ba ki acyclovir. In wurin ba likita ne ke riƙe da shi ba, ki nemi likitan fata a asibitin koyarwa na Barau Dikko, ko ki hau mota a Kawo zuwa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya.