Wasiƙa daga Legas: batun wuƙar aljihun da ka ce in nemo maka

Yaya, salamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da iyalinka duka. Mu nan Mile 12 sai godiyar Allah. Ruwa ake yi babu ƙaƙƙautawa, kasuwa duk ta caɓe, amma ana taɓa ciniki.

Na saurari saƙon da ka turo ta WhatsApp cewa in nemo maka wuƙa mai naɗewa, wadda za ka riƙa sawa a aljihu don yanke igiya, ɓare goro, fere rake da fiƙe wa yara alƙalami. Ka ce tunda jiragen ruwa a Apapa suke sauke kaya, ai ta ƙwarai a nan take. Gaskiya ne kaya sun fi yawa a nan nesa ba kusa ba. Abin da za ka gani a layi ɗaya a Idumota ko a Trade Fair ta hanyar Badagry ya fi duk wuƙaƙen Kasuwar Dole ta Damagaram in an tara su. Sai dai a cikin wannan tulin, wadda za ta yi maka shekara goma kaɗan ce, kuma wadda ta dace da Legas ba lallai ta dace da Damagaram ba. Wannan ne ya sa na tsaya in rubuto maka kafin in kashe kuɗinka.

Mu fara da ƙarfen. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai baƙin ƙarfe, dangin wanda maƙeranmu suke samu daga sifirin ɗin mota. Yana ɗaukar kaifi da sauri, ko a dutsen washi na tsakar gida ka goga shi zai tashi, amma yana tsatsa. Sai farin ƙarfe wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ne ba ya saurin tsatsa. A nan Legas, inda iska ke ɗauke da laima da gishirin teku, baƙin ƙarfe wahala ne. Mu da muke yini cikin albasa da tumatir, in ka yanka igiyar buhu da jiƙaƙƙen hannu ka naɗe wuƙar ba ka goge ba, da safe za ka tarar da jan ɗigo-ɗigo a ruwanta. Shi ya sa yawancin yaran da ke aiki da ni farar suke riƙewa. Kai kuwa da kake zaune inda ake wata takwas ko fiye ba a ga ɗigon ruwa ba, tsatsa ba ita ce damuwarka ba. Baƙin da wuƙa take yi bayan ta yanka lemu ko albasa ba lalacewa ba ne, har ma yana ɗan kare ta. Jar tsatsa ita ce ake gudu.

Yawancin abin da ke kasuwa a nan daga Chaina yake, kuma akasari daga gari ɗaya, Yangjiang a lardin Guangdong, wanda sana'arsa ke nan. Kada ka ji an ce ’yar Chaina ka yamutsa fuska. Suna yin ta banza, suna kuma yin mai kyau ƙwarai, ya danganta da abin da ɗan kasuwa ya biya aka yi masa. Wasu suna rubuta lambar ƙarfen a gindin ruwan wuƙar. In ka ga 3Cr13, ƙarfe ne mai laushi, kwali biyu uku ta dakushe. 8Cr13MoV ya fi shi sosai, kuma yana wasuwa ba da wahala ba. Akwai D2 da samari suke yayi yanzu, yana daɗewa da kaifi, amma ranar da ya dakushe dutsenmu na gida zai sha wuya kafin ya tayar da shi. Matsalar ita ce rubutu ba ya wuyar bugawa, mai yin jabu ma yana da injin rubutu. Waɗanda ma na fi ƙi su ne masu ƙyalƙyali, da hoton damisa ko macijiya a mariƙi, da haƙora a bayan ruwa, da maɓallin da in ka danna sai ta fito fat. An yi su ne don ido. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to waɗannan ado kawai gare su, ba aiki.

Cikin masu suna, huɗu ne na ga ya kamata ka sani.

Opinel ka san ta, irin wadda marigayi Baba yake da ita, mai mariƙin itace da ɗan zoben ƙarfe a wuya. Joseph Opinel ne ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, zoben nan da ake murɗawa ya kulle ruwan kuma an ƙara shi ne a 1955. Har yau a can ake yin ta, a Chambéry. Ana sayar da ita lamba-lamba, kuma lamba 8, mai ruwa santimita 8.5, ita ce daidai aljihu. A jikin ruwan akwai hoton hannu da kambi a samansa, sannan an rubuta Carbone in baƙin ƙarfe ce, ko Inox in fara ce. Ruwanta siriri ne, shi ya sa take shiga abu ba tare da an danna ba. Wajen fiƙe alƙalami ban ga wadda ta kama ƙafarta ba. Aibinta ɗaya, kuma a Legas yake bayyana: itacen yana shan laima ya kumbura, har ya kama ruwan ya ƙi buɗuwa, sai ka buga gindin mariƙin a kan benci kafin tsinin ya leƙo. A wajenku akasin haka ne, hunturu zai busar da itacen ta ɗan saki, zoben kuma ya riƙe ta ko a buɗe ko a rufe. Babu sifirin a cikinta, babu wani lungu da yashi zai maƙale.

Wannan batun yashi ka riƙe shi da kyau. Wuƙaƙen zamani masu tsada da yawa an sa musu ƙananan ƙwallayen boris a mahaɗa don su riƙa buɗuwa sumul da yatsa ɗaya. A shago abin sha'awa ne. Amma ka sa ta a aljihun riga ka hau babur zuwa Mirya cikin ƙurar hunturu, in ka dawo za ka ji tana ƙaras-ƙaras, kuma kwance ta sai da wani ɗan sukundireba mai bakin tauraro da ba kowane mai gyara ke da shi ba.

Sai Okapi, wadda tsofaffin mahauta a Oko-Oba ta Agege har yanzu suke yabo. A Solingen ta Jamus aka fara yin ta a 1902 don kasuwar Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ita ce mai zobe a baya wanda ake ja kafin ta naɗe. Baƙin ƙarfe ce, tana jure wulaƙanci, sai dai sau da yawa sabuwa ba ta zuwa da kaifi, kai za ka zauna ka fitar mata da baki. Kwaikwayonta kuma ya yi yawa. Douk-Douk ta garin Thiers a Faransa, wadda gidan Cognet suka fara a 1929, ita ma baƙin ƙarfe ce, mariƙinta falle ɗaya na ƙarfe da aka lanƙwasa, siririya har ka manta tana aljihu. Akwai samfurinta da ake kira El Baraka, wanda aka zana wa tambarin Agadas ɗin nan da maƙeran Buzaye suke yi da azurfa. Na so ƙwarai in same ta saboda wannan, amma duk shagon da na shiga babu. Ba ta da makulli, sifirin ne mai ƙarfi yake riƙe ta, don haka sai an kula da yatsu wajen rufewa.

Ta huɗu ita ce ja ɗin nan ta Suwizalan, Victorinox, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a 1884 a Ibach. Ita nake riƙewa. Ba ta tsatsa, tana da almakashi da abin buɗe gwangwani da sukundireba, kuma ko ka fito da ita a cikin danfo, motar hayar nan ta Legas, ba wanda zai tsorata. Kamfanin ya yi alkawarin gyara ko musanya duk wadda aka samu da aibin ƙira, ba tare da iyakar shekaru ba. Amma wannan alkawari ga ta gaske yake, kuma a tire ɗin masu talla jabunta ya fi yawa. Ta gaske in ka rufe za ka ji ƙas mai tsabta, kowane ƙarfe ya koma gurbinsa ba ya gogar ɗan'uwansa, almakashin kuma yana yanka zare har tsininsa. Jabu almakashinta tauna zaren yake yi.

Nan ne na ga bambancin da ya fi damuna tsakanin nan da gida. A Damagaram in maƙeri ya yi maka wuƙa ta lanƙwashe, ka san ƙofar gidansa, ka san ubansa, zai mayar da ita wuta ba tare da dogon zance ba. A nan mai shago bai ƙera ba, bai ma taɓa yanka komai da ita ba, kuma a ƙasan rasit an riga an buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Ta intanet ma ana saye, a kawo maka har ƙofa, ka biya ta waya, abin da sauƙi. Wani yaro a rumfarmu ya yi odar mai suna, hoton da ya gani daban, abin da ɗan aike ya miƙo masa daban, lambar mai sayarwar kuma ta daina shiga. Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a 2023. Abin da aka faɗa maka wannan watan ba shi za ka ji wata mai zuwa ba, don haka ban rubuto maka kuɗi ba sai na riƙe ta a hannu.

In an kawo maka wata a can kafin tawa ta iso, ga yadda nake gwadawa. Ka buɗe ta, ka kama ruwan ta baya ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. In tana rawa, ajiye ta. Ka kulle, ka kawar da yatsunka daga hanyar ruwan, ka danna bayanta a kan itace, makullin kirki ba ya saki. Ka rufe ka duba ko ruwan ya kwanta a tsakiya, ka shafa ka ji ko tsinin ya leƙo waje, don wannan shi ke yaga aljihu ya yanki yatsa. Sannan ka ɗaga bakinta a rana. Inda duk ya yi walƙiya, wurin a dakushe yake.

Washi kuwa, ku kuka fi mu. Masu yawo da injin washi a nan suna da sauri, mintuna kaɗan sun gama, amma dutsen injin yana cin ƙarfe, kuma in ya yi zafi har bakin ya koma shuɗi, taurin da aka ba shi a wuta ya tafi ke nan. Wuƙar fawa mai faɗi tana iya jurewa, ƙaramar wuƙar aljihu kuwa sau kaɗan za a kai ta ta zama tsinke. Dutse da ruwa da haƙuri, sannan ka goga ta a bayan fata, ya wadatar.

Abu biyu kuma, don Allah. Kada ka yi yankan layya da wuƙa mai naɗewa komai tsadarta. Gajera ce, za ta wahalar da dabba, jini da kitse kuma suna shiga mahaɗar. Na biyu, in za ka zo nan, ka bar duk mai tsawon ruwa ko mai maɓalli a gida. Ana tare motoci a yi bincike, kuma saboda rikicin ’yan ƙungiyar asiri ba a yi wa mai irin wannan wuƙa kyakkyawan zato. A filin jirgi ma ko ƙarama ce ba ta shiga jakar hannu.

Shawarata dai Opinel lamba 8 ta baƙin ƙarfe. Akwai wani ɗan Maraɗi mai zuwa Kwatano sarin kaya, ya ce can an fi samun kayan Faransa, na ba shi sallahu, kuma sai na gwada ta da hannuna kafin in ba motar da ke bi ta Kano da Daura. In ta iso ka ɗiga mata man gyaɗa kaɗan a mahaɗa, kada ka jiƙa ta a ruwa, ka kuma sa dukawan Birni su ɗinka mata ɗan kube.

Ni ma ina da roƙo. Masu tsiren da ke bakin layinmu sun ga wuƙar fiɗar da na taho da ita daga gida, sun dame ni. Ka je wurin maƙerin nan na bayan masallaci ya ƙera mini guda uku irinta, masu faɗin ruwa, ka gaya mini kuɗin da sefa in turo. Ka gaishe mini da Inna, ka ce maganin ƙafarta yana cikin kayan da zan aiko.

Naka, ƙaninka a Legas.