Kafin ku saya wa yaro littafin hotuna, ku leƙa tsakiyarsa

Littattafai uku aka fi tambayata a kansu, dukansu daga Amurka: Goodnight Moon na 1947, Where the Wild Things Are na 1963, da The Very Hungry Caterpillar na 1969. Ba sai na ɓoye ba, na biyun nan shi na fi so.

Maurice Sendak ne ya rubuta shi, shi ya zana hotunan, ya kuma ci lambar Caldecott, wadda ake ba gwanin zanen littafin yara a Amurka, a 1964. Wani yaro ne, Max, ya sa rigar kyarkeci ya addabi gida da ƙiriniya, uwarsa ta kora shi ɗaki ba abincin dare. Ɗakin ya rikiɗe daji, ya hau kwalekwale sai ƙasar dodanni, suka naɗa shi sarki. Jigon fushi ne, da yadda yaro ke hucewa ba a zaunar da shi an yi masa nasiha ba. Gwanintar kuwa tana cikin girman hotunan. Na farko ɗan ƙarami ne, farar takarda ta kewaye shi. Fushin Max na ƙaruwa, hoto na cinye farin, har a kai buɗi uku a jere babu ko kalma ɗaya, sai rawar dodanni. A nan ɗana kan fizge littafin ya ƙago nasa ihun. Sai hotunan su fara tsukewa, Max ya dawo ya tarar da abincinsa da ɗuminsa. Uwar ba ta fito a hoto ko ɗaya ba, abincin nan ne ya yi magana a madadinta.

The Very Hungry Caterpillar na Eric Carle, mai tsutsar da ta zama malam-buɗe-littafi, yana koyar da ƙidaya da kwanakin mako; ɗan shekara biyu zai so cusa yatsa a hujojinsa, iyakarta ke nan. Goodnight Moon kuma daɗinsa na amon Turanci ne, kuna fassarawa da baki rabi ya zube.

Inda aka taɓa cuta ta shi ne jabu. Na yi odar littafin Sendak ta intanet, aka kawo mini wani ɗan tsigigi, an mai da hotunan duk girma ɗaya, launi ya koɗe, gam ya haɗiye fuskar wani dodo a tsakiya. Labarin na nan, amma dabarar da na biya kuɗi dominta an yanke ta. Kada lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da ke bayan bango, ta ruɗe ku, masu jabu ma kwafar ta suke yi. Ku sa mai sayarwa ya turo hoton shafin farko da na tsakiya: in farin gefen bai bambanta ba, ku bar masa kayansa. Na asali faɗinsa ya fi tsawonsa. In na Carle ne, ku tabbatar hujojin a huje suke da gaske kuma shafukan 'ya'yan itatuwa faɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya ƙi buɗe littafi ya ɗauko hoton cikinsa, ku nemi wani.